Jawabi Ga Masu Kafa Hujja Da Itatuwan Japan

 

Ya ku malamai da almajirai, magana ta iso mu ta masu cewa ɗaura ƙyalle a jikin itace don neman miji ba laifi ba ne, wai ko mutanen Japan, masu ƙera mota da jirgi, haka suke yi. To, ga labarin, ku auna.

Ku sani addininsu na gargajiya sunansa Shinto, abubuwan bautarsu kuwa kami suke ce musu. A birnin Tokyo akwai ɗakin bauta na Meiji, a farfajiyarsa itatuwan kafur biyu, an haɗa su da igiyar karan shinkafa, ana kiransu miji da mata. Nan ake tsayawa roƙon dacen aure. Yaushe aka dasa su? Shekara ta 1920, da aka gama ginin. Hannun ɗan Adam ya haƙa ramin, ya ba su ruwa. Abin da sai an shayar da shi, ina ya ga mijin da zai ba 'yar wani?

A ɗakin bauta na Izumo kuma sun ce a watansu na goma kami duka can suke taruwa, suna ƙulla tsakanin mutane. Mai ziyara kan jefa yen 5, don sunan kuɗin a harshensu ya yi kama da kalmar dangantaka. Kamar lafazi ke nan aka mai da dalili!

In ka ce al'ada ce tun kaka da kakanni, mu ce maka ɗaurin aure a ɗakin bauta bai yaɗu ba sai bayan bikin yarimansu a 1900. Da can a gida ake yi. In ka ce ana ganin biyan bukata, mu ce a 1972 an ɗaura aure fiye da miliyan ɗaya a ƙasar, a 2023 bai kai dubu 500 ba, itatuwan kuwa na nan tsaye, har ƙara girma suka yi.

Ba zagin mutanen nan muke ba. Gwanaye ne a sana'a, a koyi ƙira wurinsu. Amma hadisin Zatu Anwaɗ yana hannunku: a hanyar Hunaini sababbin musulunta suka roƙi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya sanya musu itacen neman albarka irin na mushirikai, ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila ga Annabi Musa. Malamin da ke karɓar sadakar budurwa ya tura ta gindin tsamiya ya san wannan hadisi sarai, da shi muke magana.