Yaya Ake Yin Sa? Sanfefar Kafinta

A filinmu na wannan wata za mu duba wani ƙaramin abu wanda kafintocin Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo ba sa gama aiki sai da shi, watau sanfefa. Da ita ake goge bencin makaranta da ƙofa da gadon amarya, don kada sartse ya soki hannun yaro ko ya yage riga.

Mutane da yawa suna tsammani yashi ne kurum aka barbaɗa a kan takarda mai gam. In da haka ne, ai da mun yi arziki, gama gulbin Rima cike yake da yashi daga Goronyo har Wurno. Amma yashin gulbi ba ya wannan aiki sosai. Ruwa ya daɗe yana mirgina shi har ya dakushe, kamar wuƙar da ba a wasa ba.

Saboda haka aka nemi abin da ya fi kaifi. A shekara ta 1833 wani mutum, John Oakey, ya kafa wurin yin sanfefa a Landan, yana amfani da dakakken gilashi. A 1891 kuwa Edward Acheson na Amurka ya gano yadda za a gasa yashi da gawayi da wutar lantarki, su zama wani abu mai tsananin tauri. Yau yawancin sanfefar katako daga ƙasar da ake samun alminiyam a cikinta ake yin tsakuwarta. Akan narkar da ita cikin tanderu mai zafin wajen digiri 2,000, in ta huce a farfasa, a niƙa, a tankaɗe.

To, yaya tsakuwar take kama takarda? Ga yadda abin yake. Da fari akan kawo takarda mai ƙarfi ko ƙyalle, a buga lamba a bayanta. Sa'an nan inji ya shafa mata gam na farko. A dā daga fata da ƙashin dabba ake dafa wannan gam, yanzu kuwa an fi amfani da na roba wanda zafi ba ya narkar da shi. Tun gam ɗin bai bushe ba sai a bi da takardar a kife bisa tsakuwar, ƙarfin lantarki ya fizgo ƙwayoyin sama, su kafe a tsaye, tsininsu yana waje. Yara, ku goga biro a gashin kanku, ku kai shi kusa da gutsuren takarda, za ku ga irin wannan ja da idonku.

Ba a gama ba tukuna. In ta sha iska akan sake shafa gam na biyu a bisa tsakuwar. Shi ne yake shiga tsakanin ƙwayoyin, ya riƙe gindinsu kamar yadda ƙasa take riƙe gindin dawa bayan an yi huɗa. Daga nan a gasa, a lanƙwasa ta don ta yi laushi, a yanka.

Sanin wannan zai rage mana hasara a kasuwa. Kafin ku biya, ku murza ta da yatsa. In tsakuwa ta zubo, gam ɗinta bai ƙosa ba, ku bar ta. Ku duba lambar baya kuma: 40 ko 60 mai kaushi ce, ta fara aiki, 80 zuwa 120 matsakaiciya, 180 ko 220 ta gamawa ce kafin a shafa fenti. Ku bi tsawon katako, ba gicciye ba. Da damina ku ajiye ta inda ba laima, sai dai irin wadda ruwa ba ya ɓata ta, wadda kamfanin 3M ya fito da ita a 1921. Mai goge katako kuma ya rufe hancinsa da ƙyalle, gama ƙurar tana cutar da ƙirji.

Iyaye, akwai abin koyo a nan. Tsawatawa kamar tsakuwar sanfefa take, ƙauna kuwa ita ce gam. Faɗan da ba ƙauna a gabansa, ba ƙauna a bayansa, zubewa yake yi, sai dai ya bar zane a zuciyar yaro. Kafinta mai hankali kuma ba ya tsayawa a kan lamba 40. In ya fara da kaushi, da taushi yake ƙarewa. A lokacin addu'ar yamma ku karanta Karin Magana 27:17 tare da yaranku, ku tattauna a kai.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.