Filin Motoci: Na'urar Magana A Motar Da Ba Ta Da Rufi

Duk wanda ya taɓa shiga motar da ba ta da rufi, ta kuma kama gudu sosai, ya san cewa hira takan mutu tun kafin a bar gari. Rugugin inji yana gaba, ƙarar salansa tana baya, ga kuma iska tana marin kunne. Direba da abokin tafiyarsa kafaɗa tana gugar kafaɗa, amma sai sun yi ta ƙwala ihu kamar masu kiran juna daga gona zuwa gona. Haka lamarin yake ga motoci irin su Caterham Seven ta Ingila, wadda asalinta Lotus Seven ce da Colin Chapman ya ƙera a 1957.

Maganin wannan shi ne intakom, watau na'urar da ke haɗa bakin wannan da kunnen wancan. Masu tseren motoci sun fi kowa sanin darajarta. A tseren Dakar, wanda aka fara tashinsa daga Paris ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratsa ta Agadas a Nijar, kuma ake yinsa a Saudiyya tun 2020, na zaune a gefe shi ne idon direba. Shi ke karanta littafin hanya, ya faɗi inda kwana take da inda rami yake. Kalma ɗaya in ta kuɓuce wa direba, tana iya jawo asarar mota ko ta rai.

To, amma kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne neman na'urar da ta fi ƙara. Alhali kuwa aikinta na farko shi ne ta rage hayaniya. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 kada a zauna cikinta fiye da awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. 'Yan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in suka mutu ba su sake tofowa. Wanda ya ƙure muryar na'ura don ta rinjayi iska, ƙara ya ɗora a kan ƙara. Saboda haka a fara duba marufin kunnen, ya zama mai taushi, mai kama kunne ba tare da ya bar kafa ba, ko ga mai sa tabarau.

Na biyu shi ne makirfo. A nemi mai tace hayaniya, mai rigar soso, wanda zai zauna dab da leɓe. Kazalika a tabbata mutum biyun suna iya magana a lokaci guda kamar a tarho. Akwai irin da ba ta buɗewa sai ta ji murya; iska takan ruɗe ta, ko kuma ta haɗiye kalmar farko, wadda wataƙila ita ce “tsaya”.

Sai batun waya. Mai waya, irin ta Peltor ko Stilo, ba ta cika yankewa ba, sai dai in an jona ta da batirin mota takan ɗebo ƙugin lantarkin inji, shi ya sa wasu suka fi son mai batirin kanta. Mai Bluetooth, irin ta Sena ko Cardo, ta fi sauƙin sha'ani, amma tana bukatar caji, kuma yawancinta don hular kwano aka yi.

Bugu da ƙari, a binciki doka. Faransa ta hana direba tuƙi da abin saurare a kunne tun 1 ga Yuli, 2015, jihar Kalifoniya kuma ta hana rufe kunnuwa biyu. Dalili a fili yake: tilas direba ya ji hon da jiniya.

Mai niyyar saye ya gwada ta a cikin motarsa, bisa gudun da ya saba, kafin ya biya. In ya ji abokinsa sarai ba tare da ya ƙure murya ba, kuma yana jin hon na bayansa, to ya dace. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.