Kuɗin gas a takarda, kuɗin butali a baki

Bayan da matatar mai ta SORAZ da ke arewacin Damagaram ta soma aiki a ƙarshen shekarar 2011, gwamnati ta tsaida kuɗin iskar gas ta girki a kan dala 60 kowane kilo. Bisa wannan lissafi, cikon butali mai kilo 6 ya kama jika 1 da dala 160, na mai kilo 12 da rabi kuma jika 3 da dala 150. An rubuta wannan farashi, an sha karanta shi a gidan rediyo, har yaron da ake aike shago ya haddace shi. Sai dai gas ba ya zuwa gida a cikin ƙwarya. A cikin ƙarfe yake zuwa, kuma kuɗin wannan ƙarfe, da abin da ake karɓa a hannun mutum ranar da ya bar butalin wani kamfani ya koma na wani, mai saye ba ya ganin su a rubuce a ƙofar shago. A bakin mai sayarwa yake jin su, kuma abin da aka faɗa wa Tanko da safe ba lalle ya zama shi za a faɗa wa Bako da yamma ba.

Duk wanda yake son ya ga nauyin wannan al'amari, to ya dubi Tabelot, komin ɗin da ke gindin dutsen Bagzan a cikin gundumar Cirozerin, tafiyar sama da kilomita 100 daga Agadas a kan hanyar duwatsu da rairayi, wadda ƙoramu kan datse ta da damina. Arzikin mutanen wurin a garka yake. Albasar Abzin tana fitowa ne a ƙarshen shekara, daidai lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa manyan motoci kan yi jerin gwano su kwashe ta zuwa kudu har ƙasashen bakin teku. Da can raƙumi ko sa ne ke jan guga daga rijiya. Daga baya injin isansi ya karɓi aikin, sannan masu gyaran inji suka gano yadda za a juya shi ya riƙa shan gas, wanda ya fi isansi araha nesa ba kusa ba. Saboda haka a Tabelot butali guda yana iya kwana a murhun uwargida ya wuni a bakin rijiya. Ranar da ya yanke, tuwon dare ya samu matsala, shukar da ke jiran ruwa ita ma ta samu, kuma albasa ba ta san uzuri ba.

Tsarin da ake bi a ƙasar nan sananne ne. Kamfanoni irin su Sonihy da Niger Gaz da Oriba da Ténéré kowane yana da butalansa, da launinsa, da sunansa a jiki, kuma a wurinsa ake cika su. Mai saye yakan biya kuɗi sau ɗaya a farko domin a ba shi butali, kuɗin da ya ninka na gas ɗin da ke ciki sau da yawa, daga nan sai ya riƙa kawo wanda ya ƙare yana karɓar cikakke. A ka'ida wannan kuɗin farko ajiya ce: ƙarfen na kamfani ne, kuɗin na mai saye ne, ranar da aka mayar da ɗaya sai a mayar da ɗaya. A aikace kuwa mutane ƙalilan ne suka taɓa ganin an mayar wa wani da ajiyarsa cif. Yawancinsu ma ba a ba su rasi ba ranar da suka biya, kuma da yawa sun ɗauka sayen butalin suka yi, domin ba wanda ya tsaya ya bayyana musu bambancin.

Ba marmari ne ke sa mutumin Tabelot ya canja kamfani ba. Motar da ke kawo launin da yake riƙe da shi ce takan daina zuwa, ko mai shagon da ya saba da shi ya koma hulɗa da wani dila a Agadas, ko kuma gas ɗin kamfaninsa ya yanke alhali na maƙwabcinsa yana nan. To, a nan ne gizo ke saƙa. Ya zo da butalinsa a ka, sai a ce ba a karɓar wannan launi, ya ajiye sabon kuɗi idan yana son wanda ke ƙasa. Idan mai shagon ya tausaya ya karɓa, sai ya ɗora ciko, wai ladan wahalar nemo wanda zai musanya masa a birni. Bayan ciko sai a juya butalin a duba: nan ya lotsa, nan ya yi tsatsa, bakinsa ya sassauta, kowane aibi da abin da ake ragewa. Idan girman da ya saba da shi babu, ya koma babba, sai ya sayi kan rage ƙarfi da tiyo, abubuwan da ƙaramin butali mai murhu a ka bai bukata ba. A ƙarshe kuma ga kuɗin mota a kan gas ɗin kansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, idan aka ware shi, ana iya samo masa hujja. Idan aka tara su, mutumin da ya baro gida da kuɗin ciko ɗaya a aljihu yakan tarar ana neman abin da ya kai na ciko da yawa, ba tare da takarda ko guda ba. Wanda bai yarda ba sai ya koma gida da tsohon butalinsa ya jingine shi a lungu, ya zama kujera, ko ya sayar da shi a wulaƙance ga wanda zai gangara Agadas.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin wannan zafi, domin shi ne ake ɗagawa daga gari zuwa gari da takarda guda. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar gidan likita da aka tura Abzin daga Yamai ko Maraɗi sukan ɗaure butalinsu tare da katifa, su biya masa kuɗin mota na ɗaruruwan kilomita, su iso su tarar launinsa baƙo ne a garin. Bayan shekara biyu ko uku a sake ɗaga su zuwa Tahoua ko Diffa, a sake sabon lale. Akwai gidajen ma'aikata da ke da butali uku, kowane da launinsa, kowane shaida ce ta garin da aka yi aiki, amma ɗaya ne kawai ke dafa abinci. A zamanin jam'iyyu an sha ganin ɗan siyasa ya sauya sheƙa tsakanin azahar da la'asar bai biya ko dala ba; mai butali kuwa sauya launi yakan ci masa wani yanki na albashin wata.

An ce an buɗe kasuwa ne domin kamfanoni su yi gasa, mai saye ya zaɓi wanda ya fi kyautata masa. To, tun da hukuma ce ta tsaida kuɗin gas, ba a farashi za a yi gasar ba. Abin da ya rage shi ne kawo kaya a kan lokaci, da cika awo, da butali mai lafiya. Hanya ɗaya kuma da mai saye yake da ita ta hukunta kamfanin da ya gaza ita ce ya bar shi. Idan barin ya fi zaman tsada, an ɗaure shi ke nan, kuma kamfanin da ya san abokin cinikinsa a ɗaure yake ba zai yi gaggawar hawa hanyar Bagzan da damina ba.

Adalci ne a saurari ɗan kasuwa shi ma, domin ba shi ya ƙirƙiro nisan hanya ba. Ƙarfen butali ya kai nauyin gas ɗin da ke cikinsa, sau da yawa ma ya ɗara. Ke nan a kan kowane kilo na gas da ya isa Tabelot, mota ta ɗauki kilo guda na ƙarfe zuwa, za ta kuma ɗauke shi komawa, ban da tafiyar sama da kilomita 400 da gas ɗin ya yi daga ƙasar Damagaram zuwa Agadas ta hanyar Tanut. Ribar da mai shago ke samu a kan ciko ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Butalin wani kamfani da ya karɓa don tausayi jari ne kwance, wanda zai iya yin watanni a bayan shago kafin a sami mai musanya. Farashi guda daga Yamai har gindin dutse abu ne mai daɗin faɗa a taro, amma matuƙar ba a biya kuɗin hanyar a fili ba, za a biya shi a ɓoye, kuma a kan butali ake ɓoye shi, tun da shi ne mai binciken farashi ba ya tambaya.

Kamfanoni su ma suna da tasu magana mai ƙarfi. Su ne suka zuba kuɗi suka sayo butalan, su ne ke da alhakin gwada su lokaci lokaci, su canja baki, su janye wanda ya tsufa. Ba a cika butali maƙil, sai an bar wa iskar sarari ta motsa, musamman a ƙasar da rana ke gasa ƙarfe. Idan kowa zai cika na kowa, ranar da wani ya fashe ba za a san wanda za a kama ba. Amma ƙin karɓar butalin juna bai hana haɗarin ba, sai ma ya kai shi bayan gida: duk inda launi ya yi tsada, akwai mai ɗura gas daga wannan butali zuwa wancan da tiyo, ba ma'auni, a cikin unguwa, kusa da yara da murhu.

Wasu ƙasashe sun riga sun taka wannan hanya. A shekarar 2009 Kenya ta wajabta baki iri ɗaya ga dukkan butalai, ta kuma tilasta wa kamfanoni karɓar na juna. Mai saye ya huta, amma masu cikawa ba bisa ka'ida ba suka yi ta cin moriyar butalan da ba su saya ba, har a shekarar 2019 aka soke tilascin. A Kano da Katsina kuwa mutum ne ke mallakar tukunyarsa, ya kai ta inda ya so a auna masa kilo gwargwadon kuɗinsa. Babu maganar launi a can, amma kuma babu mai alhakin duba tsufan tukunya sai mai ita. Abin da za a tsinta daga waɗannan biyu shi ne musanya tana yiwuwa, muddin akwai wurin da kamfanoni ke haɗuwa su mayar wa juna da kayansu, da littafin da ake rubuta bashin da ke tsakaninsu, da hukumar da ke duba littafin.

Ƙasa ce ke asara idan aka yi sakaci. Dalilin karya farashin gas tun farko shi ne a rage saran itace, yaƙin da aka soma tun kafin dokar kasuwannin itace na karkara ta 1992. Tabelot tana maƙwabtaka da gandun Abzin da Tenere, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, kuma a can bagaruwa ko aduwa guda takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta yi inuwa. Matar da aka ce ta sake ajiye kuɗin ƙarfe ba za ta rubuta wa minista wasiƙa ba, gatari za ta miƙa wa ɗanta. Cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu 2023 ya tsadanta isansin da ke shigowa daga kudu, ya ƙara tura masu noman rani zuwa ga gas, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar hukumomi suka dakatar da fitar da gas zuwa waje domin a wadata cikin gida. Matakin ya nuna an san darajar abin da ke cikin butali. Saura a kula da butalin.

Ma'aikatar kasuwanci da hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 domin sa ido a kan harkar makamashi, ba sa bukatar sabon ofishi ko taron ƙara wa juna sani kafin su yi abin da ya wajaba. A faɗi kuɗin ajiyar kowane girman butali, a liƙa shi a ƙofar kowane shago kusa da kuɗin ciko, a karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamashek. A wajabta rasi, a kuma wajabta wa kowane kamfani mayar da ajiya ga duk wanda ya kawo butalinsa lafiyayye, ko da rasin ya ɓace, tun da sunan da ke jikin ƙarfen ya isa shaida. Idan musanya tsakanin launuka tana da kuɗi, a yanka shi ƙanƙani, guda ɗaya, sananne. Kuɗin hanya kuma a fito da shi sarari, gari da gari gwargwadon nisa, ko dai a raba shi a kan ƙasa baki ɗaya, domin mai shagon Tabelot ya ci halalinsa ba tare da ya laɓe a bayan tsatsa da lotsawa ba. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC Wadata, waɗanda muryarsu ta fi ƙarfi a Yamai, ya kamata su tuna cewa ƙasar ba ta ƙare a Agadas ba.

Akwai kuma abin da mutanen wurin za su iya yi ba tare da jiran Yamai ba. Ƙungiyoyin masu garka, waɗanda suka saba haɗa kai wajen sayar da albasa, su ne manyan masu sayen gas a yankin, kuma motocin da ke hawowa ɗaukar buhuna suna da wurin da za a ɗora kaya. Idan hukumar komin ta ba da fili, ƙungiyoyin suka buɗe wurin tara butalai na kowane launi da littafi guda, suka yi magana da dilolin Agadas da murya ɗaya, kamfanin da ya ƙi karɓar butalinsa a can zai san ya rasa cinikin kwari guda ne a lokacin ban ruwa.