Aikin Gayyar Gina Gidaje A Amurka: Ƙarfinsa Da Iyakarsa

Ran 29 ga watan Disamba na 2024 ne tsohon Shugaban Ƙasar Amurka, Mista Jimmy Carter, ya mutu yana da shekara 100 a duniya. Dattawan ma'aikatanmu za su tuna da ziyarar da ya kawo Legas a 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo. Amma mutanen ƙasarsa sun fi tunawa da shi riƙe da guduma, yana buga ƙusa a gidan wani talaka. Ko a 2019, yana ɗan shekara 95, ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki a goshi, duk da haka ya hallara wurin ginin da aka shirya a birnin Nashville.

Ƙungiyar da ya yi wa wannan hidima ita ce Habitat for Humanity, wadda wani lauya mai suna Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a 1976 a garin Americus na Jihar Jojiya. Abin lura shi ne sun gwada tsarin a Afirka kafin su kafa ƙungiyar, domin tun 1973 suka tafi Mbandaka ta ƙasar Zaire, watau Kwango ta yanzu, suka shekara uku suna gini tare da mutanen wurin.

Mutane da yawa na zaton kyauta ake raba gidajen. Ba haka ba ne. Akan duba bukatar iyali da ƙarfinsu na biya, sa'an nan a ɗora musu sharaɗin yin aikin ɗaruruwan sa'o'i da hannunsu, a gidansu ko na wani. In an gama sai a sayar musu ba tare da cin riba ba, su riƙa biya kaɗan-kaɗan, kada abin da za su biya a wata ya wuce kashi 30 cikin ɗari na samunsu. Asalin tsarin ma rance ne marar ruwa, abin da zai yi wa Musulmi daɗin ji ko da yake ƙungiyar ta Kirista ce. Kuɗin da aka biya kuwa shi ke komawa asusu a gina wa na baya. Hikimar ke nan: wanda ya zubar da guminsa a bango ba ya barin bangon ya zube, ba ya kuma ɗaukar kansa almajirin kowa.

Carter da matarsa Rosalynn sun shiga aikin a 1984, inda aka gyara wani tsohon bene mai hawa shida a birnin New York domin iyalai 19. Daga nan zuwa 2019 sun sa hannu a gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14, tare da 'yan sa kai fiye da 100,000.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Gida dubu huɗu cikin shekara 35 abin yabo ne, amma a ƙasar da miliyoyin iyalai ke kashe fiye da rabin samunsu wajen haya, cokali ne aka sa a kogi. Dalili kuwa a fili yake. Ɗan sa kai ƙarfinsa kaɗai yake bayarwa, alhali kuɗin ƙwadago wani yanki ne kawai na tsadar gida. Ba ya iya rage kuɗin fili, ko na katako, ko soke dokokin garuruwa da suka hana gina ƙananan gidaje a unguwanni da yawa. Shi ya sa ita kanta ƙungiyar ta ƙara mai da hankali ga gyaran tsofaffin gidaje, a 2019 kuma ta fara wani gangami na shekara biyar don neman hukumomi su sauya dokokin filaye da na rance.

Mu dai ba baƙi ba ne ga gayya. A ƙauyukanmu maza kan taru su yi wa mutum yaɓe ko jinka, mata su yi daɓe, a ci tuwo a watse. Abin da ya hana wannan al'ada bin mu birni shi ne abin da ya ɗaure Habitat, watau fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamnan Jiha. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara, amma rigimar siyasa ta sa wasu jihohi suka ba da filaye can bayan gari, inda babu ruwa babu hanya, gidaje da dama suka daɗe ba kowa ciki. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 ya tanadi cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, sai dai ƙaramin ma'aikaci da ba shi da takardar mallakar fili da wuya ya ci moriyar rancensa.

Saboda haka in wata ƙungiyar unguwa ko ta ɗalibai ta yi niyyar kwaikwayon wannan aiki, ba za ta rasa matasa masu kwaɓa siminti ba. Inda za ta fara tsayawa shi ne Ma'aikatar Filaye da Safiyo, ta nemi fuloti kusa da gari da takardarsa a hannu kafin a aza bulo na farko.