Faretinmu Akwai Kiɗa, Amma Ina Hoton?

Yau zan ɗan ajiye maganar jarumai da sababbin waƙoƙi, don akwai abin da ke cina tun ranar 27 ga Mayu da aka yi bikin Ranar Yara.

Na je kallon fareti a wani fili nan kusa da mu a Makera. Wuri ya cika maƙil, sai na samu wani bene da ba a gama ginawa ba na haye. Wallahi ban taɓa kallon fareti daga sama ba sai ranar. Kiɗa dai ba a magana, yaranmu sun iya ganga. Akwai wani ɗan ƙaramin yaro da ke juya sanda a yatsa kafin ya sauke ta kan fata, har tsigar jikina ta tashi. Amma abin da ido ke gani fa? Makaranta ta farko ta zo a layi uku, hagu dama, ta juya kai wajen babban baƙo, ta sara, ta wuce. Ta biyu haka. Ta goma ma haka. In ka toshe kunne, launin yunifom ne kawai zai nuna maka an canza makaranta.

Ni ma na buga ganga a sakandare, shekara uku. Kullum abin da ake faɗa mana shi ne ɗaga gwiwa, miƙe hannu, kada sahu ya karkace. Ba wanda ya taɓa tambayarmu wace siffa muke yi a fili.

Da yawanku kun kalli Drumline, fim ɗin Nick Cannon na 2002, inda 'yan badujalar jami'o'i ke gwabzawa. To a Amurka akwai gasa ta gaske da ta fi wannan tsanani, wadda ƙungiyar Drum Corps International ke shiryawa tun 1972. Matasa ne, yawancinsu ba su wuce shekara 21 ba, ƙungiya ɗaya kan haura mutum 150: masu ganga, masu busa, da masu wasa da tuta. A watan Agusta ake yin wasan ƙarshe a Indianapolis.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabon maki. Cikin 100, kiɗa da busa 30 ne kacal. Tafiya da motsin jiki da tuta su ma 30. Sauran 40 na tasirin wasan ne gaba ɗaya a kan mai kallo. Wato ko kai ne sarkin makaɗa, in ba ka ba ido abinci ba, kofi ba naka ba ne.

Kuma ba da ka ake yi ba. Akwai wanda aikinsa kawai shi ne zana tafiyar. Filin nasu yana da layi duk bayan yadi biyar, kuma an saba taku takwas ne ke cinye yadi biyar ɗin. Kowane yaro yana da ɗigonsa, ya san a ƙidaya ta sha shida zai tsaya taku kaza daga layi kaza. Shi a ƙasa ba ya ganin komai sai ƙeyar na gabansa, amma na saman bene yana ganin da'ira ta buɗe ta koma tauraro, tauraron ya narke ya zama layi ɗaya daidai lokacin da busa ta kai ƙololuwa. A 2016 ƙungiyar Bluecoats ta jihar Ohio ta ajiye hula da kaya irin na soja, ta shigo da wasu manyan alluna masu lanƙwasa da yaran ke hawa suna sulalowa, kuma a shekarar ta ci kofinta na farko. Daga nan sauran ƙungiyoyi suka fara sake tunani kan sutura.

Na san wani zai ce, kai malam, waɗancan masu dala ne. Gaskiya ne, yaransu ma dubban daloli suke biya kafin su shiga, mu kuwa wata makarantar fatar ganga ma sai an yi karo-karo. Amma zana tafiya ba kuɗi take ci ba. Takarda ce da biro, sai toka da za a ɗiga a fili, irin wadda muke ja layin ƙwallo da ita. Abin da ya hana mu shi ne inda muka gaji faretin. Daga bariki ya fito, kuma a bariki manufarsa a gaishe da babba. Shi ya sa komai namu ke fuskantar rumfar manyan baƙi, alƙalai ma a ƙasa suke zaune, sahu da ɗaga ƙafa kaɗai suke iya gani. Malamin da ya san abin da za a ba maki ke nan, don me zai wahalar da yara wajen yin tauraro?

Kuma kada mu ce tsara abin kallo baƙon abu ne gare mu. Ku dubi hawan sallah: dogarai cikin ja da kore, 'yan kwalkwali, kowane hakimi da kalar tawagarsa, sannan a rufe da jahi, dawakai su taho a guje su ja birki gaban sarki. Wannan tsari ne na mutanen da suka san me ido ke so. A nan Kaduna aka yi gagarumin hawan daba na FESTAC a 1977, kuma a 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya.

Ga inda abin ya shafe mu 'yan fim. Tun zamanin Sangaya rawa da waƙa ta zama gishirin Kannywood, amma ku tuna yawancin waƙoƙin da kuka kalla: maza layi, mata layi, an sha anko, jarumi da jaruma a gaba, kowa na kallon kyamara. Fareti ne sak, an dai cire sarawa. Yanzu da ɗan jirgin ɗaukar hoto ya yawaita har a bikin aure, sai a ɗaga shi sama a ɗauko rufin otal da bishiyoyi, don 'yan rawar ba su yin wata siffa da za a nuna. Yaron da ya koyi lissafin ɗigo a faretin makaranta, shi ne gobe zai zama mai tsara rawa da masana'antar ke buƙata.

Akwai kuma abin da ya fi fim. Duk ɗan Kaduna ya san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin nan, wasu suka haura gada, wasu suka gangaro. Mu da muka taso bayan haka, wuraren da muke haɗuwa ba su da yawa. Amma 'yan birged na coci suna da ganga da begila, 'yan agaji da ɗaliban Islamiyya suna maci lokacin Maulidi, ga 'yan sikawut. Kowa na atisaye a lungunsa. Gasa mai kyau za ta iya tara su a fili ɗaya, kuma masaƙun Kakuri da suka ciyar da iyayenmu sun daɗe da rufewa, matasan unguwa na neman abin yi da yamma.

Shawarata ga masu shirya faretin 1 ga Oktoba guda uku ce. A ba kowace tawaga minti uku a tsakiyar fili bayan ta sara, ta nuna abin da ta ƙirƙira. A ɗora alƙali ɗaya a sama, ko a kan benen 'yan kallo na Murtala Square ko filin wasa na Ahmadu Bello. Sannan a raba maki a bayyane tun kafin ranar: kaza na kiɗa, kaza na sahu, kaza na siffa.

Ni dai na riga na fara. Na samu yara goma sha shida a layinmu, da bokitin toka daga wajen mai ƙosai. Jiya mun gwada da'ira, ta fito kamar ƙwai. Ranar Asabar za mu sake.