Ɗaura Bel da Ajiye Waya Yayin Tuƙi

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa masu mota ɗaura bel. Haka kuma doka ta haramta amfani da wayar salula yayin tuƙi. Duk da haka, har yau akwai direban da ba ya jawo bel sai ya hango jami'an hukumar, da ya wuce su kuma ya kwance shi. Irin wannan direba ya ɗauki dokar a matsayin hanyar cin tara, alhali kuwa ransa ake tsare masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa bel yana rage yiwuwar mutuwar mazauna gaban mota da kusan rabi, kuma amfani da waya yana ninka yiwuwar haɗari har sau huɗu. Dalili a fili yake: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kimanin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda ya duba saƙo na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 a makance.

Wasu kan fake da ƙaddara, su ce in ajali ya zo babu bel ɗin da zai tare shi. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta halatta ganganci ba, balle a ce ganganci da rayukan fasinja.

Tara kaɗai ba ta sauya hali. Tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wajibi ne malami ya cusa wa ɗalibansa wannan tarbiyya tun a aji, domin daga cikinsu direbobin gobe za su fito.