Sharhi: Sa'a Ce Ko Aikin Magani? Darasi Daga Gwajin Dosso

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa auna gero a Gaya ko Kamba ya san buhu biyu ba sa zuwa daidai, ko da daga gona ɗaya suka fito. Don haka in an ce wannan ya fi wancan da tiya ɗaya, mai hankali ba ya saurin yanke hukunci. Likitoci ma haka suke yi in za su gwada magani.

A shekarar 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna MORDOR da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, a ƙauyuka 1,533. A Nijar an yi shi ne a jahar Dosso. Da ƙuri'a aka raba ƙauyukan gida biyu. Yaran kashi na farko, 'yan wata 1 zuwa 59, an ba su azithromycin sau biyu a shekara. Na biyu kuwa an ba su abin da ya yi kama da shi amma babu sinadarin magani. Daga nan aka kwatanta matsakaicin mace-macen ɓangarorin biyu.

Masu lissafi sukan fara da ɗaukar cewa maganin bai yi komai ba, sannan su tambaya: in haka ne, sau nawa sa'a kaɗai za ta kawo tazara irin wannan? In bai kai sau 5 cikin 100 ba, sai su yarda akwai bambanci na gaske.

A Nijar mace-mace sun ragu da kashi 18 cikin ɗari, kuma adadin ya tsallake wannan ma'auni. A Malawi kusan kashi 6 ne, a Tanzaniya kashi 3, duk biyun ba su tsallake ba. Wannan bai nuna maganin ba ya aiki can ba, shaidar ce dai ba ta isa ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba shi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a inda mutuwar yara ta yi yawa kawai.

Masu sayar da magani a kasuwanninmu, a kula. Binciken da ya biyo baya a Nijar ya nuna ƙwayoyin cuta sun ƙara jure wa irin wannan magani a ƙauyukan da aka raba shi. Raba shi ga yara aikin ma'aikatan lafiya ne, da awo da lokaci. Wanda ya mai da shi hajar tebur yana ɓata makamin da 'ya'yansa za su nema gobe.